Sharhi kan Access2Markets: lissafin kuɗin fiton kifin tirawut daga Turkiyya zuwa Jamus

Access2Markets shafi ne na kyauta da Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe a watan Oktoba na 2020, inda ta haɗe tsofaffin shafuka biyu wuri guda, na masu fitar da kaya daga Turai da na masu shigo da kaya cikinta. Abin da ya ce zai yi maka ba shi da wuyar fahimta. Ka rubuta sunan kaya ko lambarsa ta kwastan a akwatin da ake kira My Trade Assistant, ka zaɓi ƙasar da kayan ya fito da ƙasar da za shi, sai a nuna maka kuɗin fito, harajin cikin gida, da takardun da za a nema a bakin iyaka. A kan kaya da yawa minti biyu ya isa. Kifin tirawut na Turkiyya kuwa yana cikin kayan da ke fallasa iyakar irin wannan shafi, shi ya sa muka auna shi da shi.

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, dangin salmon. Wanda aka fi kiwo shi ne mai bakan gizo, wanda masana ke kira Oncorhynchus mykiss, mai ratsin ruwan hoda a gefensa tun daga kai har wutsiya. Turkiyya tana cikin manyan masu kiwonsa a duniya: a tafkunan siminti da ruwan dutse ke ratsawa a lardin Mugla, a keji cikin madatsar Keban ta lardin Elazig, sannan a gaɓar Baƙin Teku inda ake barinsa ya yi kilo biyu, uku ko fiye, a sayar da shi da sunan salmon ɗin Turkiyya. Ƙaramin, mai gram 250 zuwa 400, wanda mutum ɗaya ke cinyewa a faranti ɗaya, shi ne Jamus ta fi saye, ko dai daskararre ko kuma banda, an zare ƙaya an yanka shi sala biyu. A kan wannan ƙaramin kifi rigimar haraji take.

Wurin neman lamba shi ne inda shafin ya fi burgewa. Da ka rubuta sunan kifin sai reshen lambobi ya buɗe mataki-mataki: 0301 91 na mai rai, 0302 11 na ɗanye a kan ƙanƙara, 0303 14 na daskararre, 0304 42 da 0304 82 na salar tsoka ɗanya da daskararriya, 0305 43 na banda. Alƙaluma shida na farko na kowace lamba duk duniya ɗaya ne. Daga nan Tarayyar Turai ke ƙara nata biyu su zama takwas, sannan wasu biyu su zama goma. Ga mai kasuwancin tirawut, kuɗin yana cikin huɗun ƙarshe ne, kuma shafin yana kai ka har can, amma fa sai ka ci gaba da dannawa. Wanda ya tsaya a lamba shida ya ɗauka ya gama, bai ma fara ba.

Ɗauki daskararre. Lamba 0303 14 20 ta kifin da aka cire wa kayan ciki, aka bar masa kai da abin numfashinsa, kuma nauyin kowanne ya haura kilo 1.2 ce, ko wanda aka sare wa kai aka share cikinsa, kowanne ya haura kilo 1. Duk sauran suna faɗawa 0303 14 90. A salar tsoka kuma iyakar gram 400 ce: abin da ya haura ta yana 0304 82 10, abin da bai haura ba yana 0304 82 90. Shafin yana rubuta wannan bayani kalma da kalma kamar yadda yake a doka, kuma wannan ya dace. Abin da ba ya yi shi ne ya ja hankalinka cewa “kowanne” ita ce kalmar da ke cizo. Jami'in kwastan ba ya raba nauyin kwali da yawan kifin da ke ciki. Kifi ɗaya-ɗaya yake ɗorawa a sikeli. Idan masana'anta ta tace kifi a rukunin kilo 1 zuwa 1.5 ta zuba a kwali ɗaya, to kwalin yana ɗauke da kaya iri biyu masu lamba biyu, ko da matsakaicin nauyinsu ya kai kilo 1.3. Kuma wanda ya tsaya daidai a kan kilo 1.2 bai haura ba, ƙarami ne a idon doka. Daskararren kifi yana zuwa da rufin ƙanƙara da ake fesa masa don kada ya bushe, wannan rufi ba kifi ba ne, don haka mai dogaro da shi ya tsallake iyakar nauyi ya jingina da bangon da ba shi da tushe.

Bayan ka zaɓi lamba goma, ka sa Turkiyya a matsayin mafari, Jamus a matsayin makoma, sai teburin kuɗin fito ya fito. A jerin ƙasashe a nemi sunan da rubutun Türkiye, domin shi Tarayyar ke amfani da shi yanzu. Layin farko na teburin yana ɗauke da kalmomin Latin guda biyu, ERGA OMNES, wato abin da ya hau kan kowa: kashi 12 cikin 100 a kan tirawut mai bakan gizo ɗanye, daskararre ko sala, kashi 14 a kan banda. Layi na gaba na Turkiyya ne, rangwamen fifiko, sifiri. A gefen kowane layi akwai gurbin sharuɗɗa, gurbin ƙarin bayani, da mahaɗin da ke kai ka ga dokar kanta. Tsarin yana da tsabta, ido ba ya wahala.

Sai dai wannan sifiri shi ne ramin da aka rufe da tabarma.

Kowa ya san akwai haɗin gwiwar kwastan tsakanin Turkiyya da Tarayyar Turai tun ƙarshen 1995, kuma kayan da ke ƙarƙashinsa da takardar A.TR suke tafiya. Kamfanin da ya saba tura tufafi ko kayan gyaran mota hannunsa ya saba da ita. Amma kifi ba ya cikin wannan haɗin gwiwa. Kayan gona da na ruwa suna ƙarƙashin wata yarjejeniya dabam, shawara mai lamba 1/98 ta majalisar ƙawancen ɓangarorin biyu, kuma a can abin da ake tambaya shi ne asalin kaya. A.TR tana shaida cewa kaya yana yawo a sake cikin Turkiyya, ba ta cewa komai game da inda aka haife shi. Don haka kifi yana buƙatar takardar EUR.1 mai hatimin kwastan ɗin Turkiyya, ko kuma shaidar asali da mai fitarwa zai rubuta a jikin takardar ciniki. Wannan ta biyun kowa na iya yin ta idan darajar kayan ba ta wuce Yuro 6,000 ba, abin da ya wuce haka sai wanda kwastan ta ba lambar amincewa. Tirela ɗaya ta kifi ta ninka wannan iyaka sau da yawa, saboda haka a aikace EUR.1 ce ko lambar amincewa.

Bayanin nan yana cikin shafin, amma a wani sashe dabam da teburin, kuma babu abin da ke tilasta ka buɗe shi. Mu a ganinmu wannan shi ne babban raunin tsarin: lambar da ke faranta rai tana gaba da manyan baƙaƙe, sharaɗin da ke riƙe da ita yana bayan ƙofa. Ejan ɗin da ya ƙware ya san zai sa lambar fifiko 300 a takardar shigo da kaya, ya haɗa da lambar takarda N954 idan EUR.1 ce, ko N864 idan shaidar jikin takardar ciniki ce. Sabon shiga da ya sa 400 da N018, lambobin haɗin gwiwar kwastan da A.TR, ba zai samu rangwamen ba, kashi 12 ko 14 na jiransa.

EUR.1 tana da wa'adin 'yan watanni daga ranar da aka ba da ita. Ga kifin da ke tafiya kai tsaye wannan ba matsala ba ce, amma daskararren da aka ajiye a rumbun kwastan ana jiran farashi ya tashi yana iya cinye wa'adin ba a ankara ba. Idan an manta da ita gaba ɗaya, ana iya neman a ba da ita daga baya, a biya kuɗin fiton tukuna sannan a nemi a mayar. Kuɗi yana dawowa, amma bayan ya kwanta watanni a hannun hukuma. Sharaɗin asalin kuma ba shi da sassauci a babi na 3, babin kifi a jadawalin kuɗin fito: dole kifin ya zama na Turkiyya gaba ɗaya. Wanda aka sayo daga wata ƙasa aka feɗe shi aka yi masa banda a masana'antar Turkiyya bai cancanci sifirin ba, komai yawan aikin da aka yi masa.

Harajin ramuwar tallafi

Ko da EUR.1 ta yi daidai, ƙaramin tirawut bai kuɓuta ba. A farkon 2014 ƙungiyar masu kiwon kifi ta Denmak ta kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a madadin masu kiwon Turai, tana cewa kifin Turkiyya yana shigowa da arha saboda gwamnati na tallafa wa masu kiwonsa, kuma ana karyar da farashi. Aka buɗe bincike biyu a watan Fabrairu na wannan shekara. Na karyar da farashi aka rufe shi ba tare da an ɗora komai ba. Na tallafi kuwa ya tabbata, musamman kuɗin da gwamnati ke biya kai tsaye a kan kowane kilo da aka noma, tare da rance mai rangwame. A ranar 26 ga Fabrairu, 2015, doka mai lamba 2015/309 ta ɗora harajin ramuwa, wato ƙarin haraji don rama wannan tallafi, mafi girmansa kashi 9.5 cikin 100. A watan Mayu na 2021 doka mai lamba 2021/823 ta sabunta shi bayan bita, sannan a watan Disamba na 2022 doka mai lamba 2022/2390 ta sauko da shi ƙasa da kashi 5, bayan an sake auna yadda tsarin tallafin ya canza.

Iyakar kayan da harajin ya shafa ita ce iyakar nauyin da muka ambata: mai rai ko mai kai wanda bai wuce kilo 1.2 ba, mara kai wanda bai wuce kilo 1 ba, sala wadda ba ta wuce gram 400 ba. Babban kifin Baƙin Teku yana waje. Abin lura, a 2004 akasin haka aka yi: babban tirawut na Norwe ne Tarayyar ta ɗora wa harajin karyar da farashi na kashi 19.9, aka cire shi a 2008. Sikelin bai canza ba, ɓangaren da ake dubawa ne ya juya.

A rubutun dokar, kowace lamba tana da ƙaramar kalma “ex” a gabanta, wadda ke nufin wani sashe na kayan da ke ƙarƙashin lambar, ba dukansu ba. Misalin da ke bayyana wannan: kifi mai kilo biyu da ba a cire wa kayan ciki ba ba zai shiga 0302 11 20 ba, tunda ita ta wanda aka share wa ciki ce. Zai faɗa 0302 11 80 tare da ƙanana, amma harajin ramuwa bai shafe shi ba, domin ya haura kilo 1.2. Lambobi biyun ƙarshe ne ke raba su, 0302 11 80 11 ta waɗanda harajin ya kama ce. A banda ma haka, 0305 43 00 ta haɗa manya da ƙanana, sai ka sauka zuwa 0305 43 00 11. Haka kuma salar bandar da aka barbaɗa wa barkono tana iya barin babi na 3 ta koma babi na 16 na sarrafaffen kifi, lamba 1604 19 10, kuma harajin yana bin ta har can. Wanda ya zaci barkono zai fitar da shi daga tarko ya yi asarar barkononsa kawai.

A nan Access2Markets yana yin aikinsa, amma cikin sanyin murya. Harajin yana fitowa a teburin a matsayin ƙarin layuka, kowane kamfani ko rukunin kamfanoni da nasa kaso da tasa ƙarin lamba mai harafi ɗaya da alƙaluma uku, sannan B999 ta “duk sauran kamfanoni”, wadda ke ɗauke da kaso mafi tsada. Babu wata alama da ke ce maka wannan layi ƙari ne a kan sifirin da ke sama. Wanda bai san tarihin ba yana iya ɗauka zaɓi aka ba shi. Ba zaɓi ba ne. EUR.1 tana goge kashi 12, ba ta taɓa harajin ramuwa ko da ɗigo.

Kason kamfani na wanda ya samar da kifin ne, ba na dillalin da ya sayar da shi ba. Idan ɗan kasuwa a Istambul ya tara kaya daga masana'antu uku ya cika tirela, kowane kaso yana buƙatar layinsa da lambarsa. Idan kamfani ya canza suna bai sanar da Hukumar an gyara jerin ba, ko sunan da ke takardar ciniki ya saɓa da na dokar, kwastan na da hujjar mayar da kayan B999. Dole a buɗe gurbin sharuɗɗa a ga ko an nemi takardar ciniki mai ɗauke da rantsuwar jami'in kamfani, da kwanan wata da sa hannu, wadda lambarta D008. Sannan biyo da kayan ta wata ƙasa ba ya wanke shi, domin harajin asali yake bi, ba hanyar da mota ta biyo ba.

Shafin ba ya yi maka lissafi, wannan kuma giɓi ne da ake ji. Bari mu ƙaddara tirela mai firiji ɗauke da daskararren kifi na gram 300, darajarsa a bakin iyakar Tarayyar, da kuɗin mota da inshora zuwa nan, Yuro 75,000. Mu ƙaddara kason kamfanin kashi 4 ne, kuɗin mota daga iyaka zuwa rumbun mai saye a Jamus kuma Yuro 2,000. Da EUR.1 kuɗin fito sifiri, harajin ramuwa Yuro 3,000. Harajin saye (VAT) na shigo da kaya a Jamus kashi 7 ne a kan kifi, maimakon kashi 19 na gama-gari, kuma ana ɗora shi a kan jimillar daraja da haraji da kuɗin mota zuwa makoma: Yuro 80,000, wato Yuro 5,600. Ba tare da EUR.1 ba sai a ƙara Yuro 9,000 na kuɗin fito, jimillar ta koma 89,000, harajin saye ya zama 6,230. Kamfanin da ke da rajista yana cire harajin saye daga abin da zai biya hukuma daga baya, amma Yuro 9,000 da 3,000 ɗin sun shiga farashin kifi. A kasuwar da manyan kantuna ke ciniki a kan 'yan santin Yuro a kowane kilo, Yuro 9,000 a tirela ɗaya ya fi ƙarfin ribar da yawancin masu shigo da kaya ke sa rai.

Akwai ƙananan abubuwa biyu a lissafin da shafin bai fito da su fili ba. Na farko, kuɗin motar da ke shiga darajar kwastan yana tsayawa ne a inda kaya ya shiga Tarayyar. Tirelar da ta taso daga Mugla ta tsallaka tashar iyaka ta Kapikule a Turkiyya zuwa ta Kapitan Andreevo a Bulgeriya ta riga ta shiga, ragowar doguwar tafiyar zuwa Jamus ba ta cikin abin da ake ɗora wa harajin ramuwa, muddin takardar mai mota ta raba kuɗin gida biyu. Idan dunƙule aka rubuta shi kuma ba a iya rabawa ba, an biya haraji a kan hanyar da bai kamata ba. Na biyu, idan cinikin ba da Yuro aka yi ba, kwastan ba ta amfani da canjin ranar. Tana da nata na wata-wata, wanda ake ɗauka daga na Babban Bankin Turai a ranar Laraba ta kusa da ta ƙarshe a watan da ya gabata.

Sashen sharuɗɗan shigo da kaya ya fi sauran cika, ya kuma fi su gajiyarwa. Dogayen shafuka ne da aka rubuta don dukan kayan ruwa, sai ka tsince naka kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin da ya shafi tirawut a taƙaice shi ne: masana'antar dole ta kasance a jerin waɗanda Tarayyar ta amince da su, lambar amincewarta a jikin kowane kwali, takardar lafiya daga hukumar Turkiyya ta asali, ba kwafi ba, tana tafe da kayan, sannan mai shigowa ya cika takardar CHED-P, ta sanar da masu binciken lafiya isowar kaya, a tsarin intanet na Tarayyar mai suna TRACES aƙalla ranar aiki ɗaya kafin mota ta iso. Binciken lafiya a tashar iyakar farko ake yinsa, ba a Jamus ba. Kowace mota ana duba takardunta, a kuma gwada lambar hatimin ƙofa da rubutun kwali da abin da ke rubuce. Wani kaso na motocin ana buɗe su a auna sanyi a ɗebi samfur. Daskararre dole ya riƙe digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye da haka sanyi, ɗanye kuma a sanyin ƙanƙarar da ke narkewa. A banda ana duba gubar hayaƙi, iyakar benzo(a)pyrene maikurogram 2 ce a kilo, a kifin kiwo kuma ana neman ragowar magunguna, ciki har da koren rinin malakait da aka haramta. Lambar hatimi ɗaya da ta saɓa da ta takardar lafiya ta isa ta tsayar da mota, injin firiji yana cin mai, kifin ɗanye yana cin kwanakinsa. Kayan da aka ƙi sai dai a lalata, a mayar, ko a yi masa wani aiki na musamman da hukuma ta yarda da shi, duk a aljihun mai kaya.

Abu ɗaya da ke rikita mutane a wannan sashe shi ne takardar shaidar kamun kifi ta dokar yaƙi da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, mai lamba 1005/2008. Kifin ruwan daɗi da kifin da aka yi kiwonsa tun daga ƙwai ko 'ya'ya an keɓe su daga wannan doka, saboda haka tirawut na gona ba ya buƙatarta. A jikin fakitin da zai je kanti kuwa dole a rubuta sunan kasuwa, sunan kimiyya, cewa na kiwo ne, ƙasar da aka yi kiwon, da kuma ko an taɓa daskarar da shi aka narke, sai dai inda doka ta yi togiya.

Daga Bulgeriya mota tana ci gaba da takardar wucewa ta T1, ta kayan da kwastan ba ta sallama ba tukuna, wadda za a iya buɗewa tun daga Turkiyya tunda ta shiga yarjejeniyar wucewa ta bai ɗaya a watan Disamba na 2012. A Jamus ake sallamar kayan ta ATLAS, tsarin kwamfuta na kwastan ɗin ƙasar, da EORI, lambar rajistar mai shigowa a wurin kwastan, a haɗa da lambar CHED-P a ƙarƙashin lambar takarda N853. Shafin yana da jagorori a kan waɗannan matakai, masu amfani ga mai koyo, amma na gama-gari ne.

To wa ya kamata ya yi amfani da shi? Mai kiwo ko mai masana'anta da ke son sanin inda zai sa farashi, mai saye da ke kwatanta kifin Turkiyya da na Denmak ko Italiya waɗanda ke shiga Jamus ba kwastan, ɗalibi ko ɗan jarida da ke bin sawun rigimar, duk zai wadatar da su, kuma a cikin harsunan hukuma 24 na Tarayyar yake. Sashen alƙaluman ciniki yana nuna nauyi da darajar abin da ya shiga shekara-shekara, wanda ya raba daraja da nauyi zai ga matsakaicin farashin kilo ba tare da ya tambayi kowa ba. Mahaɗin da ke kai mutum ga dokar kai tsaye shi kaɗai ya isa dalilin buɗe shafin. Amma wanda zai sa hannu a kwangila ko ya cika takardar kwastan, wannan shafi ƙofar farko ce kawai gare shi. Shi kansa ya faɗa cewa bayaninsa ba ya ɗaure hukuma, abin da aka buga a gazet, jaridar hukuma ta Tarayyar, shi ne doka.

Abin da ya kamata a haɗa shi da shi guda uku ne, kuma duk ana samunsu a intanet. TARIC, rumbun bayanan kuɗin fito na Tarayyar da teburin ke ɗebo bayani daga gare shi, ana sabunta shi kullum, kuma yana ba ka damar sa kwanan watan da kake so. Wannan yana da nauyi, domin kason da ke aiki shi ne na ranar da kwastan ta karɓi takardar sallama, ba na ranar da aka ƙulla ciniki ko aka loda mota ba. Harajin ramuwa shekara biyar yake yi daga ranar da aka ɗora ko aka sabunta shi, kuma idan aka buɗe bitar ƙarewa kafin wa'adin ya cika, yana nan daram har a gama bitar. Kwangilar shekara da ba ta faɗi wanda zai ɗauki canjin kaso ba, rigima ce aka ajiye. Na biyu, EZT-online, jadawalin kuɗin fito na kwastan ɗin Jamus, yana ƙara lamba ta goma sha ɗaya, wadda ke tantance harajin saye, kuma ita ATLAS ke nema.

Na ukun shi ne hukuncin lamba mai ɗaurewa, wato takardar da kwastan ke tabbatar da lambar kaya a ciki, wanda a Jamus babban ofishin kwastan na Hanover ke bayarwa, yana kuma aiki shekara uku a duk faɗin Tarayyar. Ga daskararren kifi na gram 300 ba a buƙatarsa, lambarsa a bayyane take. Ga sala mai barkono, mai ganyen ƙamshi, ko wadda aka jiƙa a wani haɗi kafin banda, ya kamata a nema tun kafin tirelar farko ta tashi, a tura hoto, jerin kayan haɗi da bayanin yadda ake sarrafawa mataki-mataki. Kwastan tana da shekara uku ta waiwayo ta nemi abin da ba a biya ba, kuma idan ta waiwayo ba tirela ɗaya take dubawa ba, duk waɗanda suka shiga da wannan lamba take tattarowa, a lokacin da kifin ya daɗe da ƙarewa a kanti kuma babu mai sayen da za a ƙara wa farashi.